Yadda ake haɗa gishirin wanka mai ƙamshi, da yadda ake jiƙa jiki da shi a gidan da babu bahon Turawa

Duk kwalbar gishirin wanka da za ki gani a shagunan kayan kwalliya na Marwa ko Garwa, hoton jikinta kusan ɗaya ne: wata ta miƙe a cikin farin bahon Turawa, ruwa har wuya, kyandir na ci a gefe. Hoton nan ne ke sa mata da yawa su mayar da kwalbar su wuce, don sun san banɗakinsu bokiti ne da moɗa, ruwan ma sai mai kura ya kawo. Abin da ba a rubuta a jikin kwalbar ba shi ne, yawancin daɗin da ake nema ana samun sa da robar wanki ɗaya da ruwan da bai kai rabin jarka ba. Gishirin kansa ma ba sai an saye shi a haɗe ba. Kusan duk abin da ke cikinsa yana babbar kasuwa, sauran kuma yana farmasi.

Kafin a taɓa gishiri, gara a san abin da ke yin aikin. Ɗumin ruwa ne ke sassauta naman jiki, ya buɗe ƙananan hanyoyin jini na fata, ya sa ƙafar da ta wuni a tsaye ta saki. A 2019 wasu masu bincike na Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan wanka da barci, suka ga cewa wanka da ruwan ɗumi na aƙalla minti 10, awa ɗaya zuwa biyu kafin kwanciya, yana sa barci ya zo da wuri. Dalili kuwa, jini yana kwararowa zuwa tafin hannu da tafin ƙafa, zafin cikin jiki ya fita ta nan, kuma saukar zafin ciki alama ce da jiki ya sani ta lokacin barci. Gishiri da ƙamshi 'yan rakiya ne: suna tausasa kaushi, suna rage warin ƙafa, suna sa mutum ya zauna wuri ɗaya minti ashirin bai tashi duba tukunya ba. Masu talla suna cewa sinadarin maganiziyom na ratsa fata ya shiga jini ya warkar da ciwon gaɓoɓi. Hujjar wannan magana ba ta da ƙarfi a wurin likitoci, don haka kada ki zuba kuɗin cefanen mako a kan kwalba ɗaya saboda ita.

Wane gishiri za a saya

Na farko shi ne gishirin teku mai tsakuwa, wanda ake aunawa a kwano ko a sayar a buhu. Ki zaɓi fari tas, busasshe, wanda idan kin damƙa ba ya manne a tafin hannu. Idan akwai ƙasa ko tsakuwar gaske a ciki, ki tsince ki tankaɗe. Gishirin miya mai laushi ma yana yi, har wanda aka sa wa aidin, sai dai yana saurin dunƙulewa idan ya haɗu da mai.

Na biyu shi ne gishirin Epsom. Ana kiransa gishiri ne don kamanninsa kawai, amma ba na miya ba ne, ɗaci gare shi. Sunansa daga wani gari ne a kudancin Landan, inda ake ba da labarin wani makiyayi da shanunsa suka ƙi shan ruwan wata maɓuɓɓuga wajen 1618 saboda ɗacinsa. A 1695 wani likita, Nehemiah Grew, ya wallafa bayanin gishirin da ya fitar daga wannan ruwa. A farmasi ki ce sulfate de magnésium ko sel d'Epsom, kuma ki ce na gari kike so, na zubawa a ruwa. Akwai na allura da ake yi wa masu ciki idan jijjiga ta kama su a asibiti, wannan ba naki ba ne. Akwai kuma na takin gona da masu kayan noma ke sayarwa da araha, shi ma ki bar shi, ba a tace shi don fatar mutum ba. Idan ba ki samu Epsom ɗin ba, ki yi da gishirin teku zalla, ba abin da zai ɓaci.

Na uku shi ne bikarbonat, farar hodar nan da ake sa wa kek. Yana sa ruwa ya yi santsi-santsi a fata, yana kuma kwantar da ƙaiƙayin ƙurajen zafi.

Za ki ga wani gishiri ruwan hoda a manyan kantuna, an rubuta Himalaya, da tsada. Daga ma'adinan Khewra na Pakistan ake haƙo yawancinsa, kuma launin daga ɗan ƙarfen da ke cikinsa ne. Idan ya narke a baho, ƙafarki ba za ta bambanta shi da na buhu ba. Kyau ne kawai a kwalba.

Abin da zan ja kunne a kansa shi ne kanwa. Mu nan kusa da Tafkin Chadi muke, inda ake haƙo ta a yankin Kanem da wajajen Liwa da Baga Sola, don haka tana ko'ina, ga araha, kuma wata za ta ce ai ita ma 'yar'uwar bikarbonat ce. Gaskiya ne suna da dangantaka, amma kanwa ta fi kaifi nesa ba kusa ba. Abin da ke narkar da wake a tukunya ya sa kuɓewa ta yi yauƙi, idan fata ta zauna a cikinsa minti ashirin zai wanke man da ke kare ta, ta bushe ta yi fari-fari. Da ungurnu da jar kanwa duk a bar su a kicin. Haka kantun gishirin Bilma da ake ajiye wa dabbobi su lasa.

Maganar ƙamshi

Nan ne aka fi yin ɓarna, nan ne kuma muka fi Turawan kayan aiki. Hanya uku ce.

Ta farko ita ce tataccen man ƙamshi, 'yan ƙananan kwalaben nan masu duhu da aka rubuta wa huile essentielle. Na labanda shi aka fi sani don natsuwa, na sandal da na jema ma suna da kyau idan na gaskiya ne. Ga abin da dole ki sani: wannan man ba ya narkewa a ruwa, kuma gishiri ba ya sa shi ya narke. Idan kin ɗiga shi a kan gishiri kika zuba a baho, gishirin zai narke ya bar man yana yawo a sama kamar manja a kan miya, sai ɗigon ya manne a fatarki da cikakken ƙarfinsa, ga ruwan ɗumi na ƙara masa kaifi. Masu fitowa daga wanka da jan tabo a cinya suna cewa gishirin ne bai karɓe su ba, galibi wannan ne ya same su. Maganinsa a fara sirka shi da man da fata ta saba da shi: man riɗi, man kwakwa, man zaitun, ko man kaɗanya da aka narkar. Ɗigo 15 zuwa 20 a babban cokali 2 na mai ya ishi haɗin da zan kawo a ƙasa. Man kirfa da na kanumfari da na na'a-na'a kuwa ko an sirka kada su shiga ruwan da za a zauna a ciki, ƙuna suke yi.

Hanya ta biyu ita na fi so, don ba ta da wannan haɗarin: busassun kayan ƙamshi. Kajiji da aka ɗan daddaka, saiwar jema, garin sandal, ɓawon lemun zaƙi da aka shanya a inuwa, ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemun tsami da ake kira sitronel, busasshen furen wardi. Ba a watsa su cikin gishiri, don za su cika baho da tarkace su toshe magudana. Ki ɗebi cikin tafin hannu ɗaya ki ƙulle a farin ƙyalle mai shara-shara, ki jefa ƙullin a tukunyar ruwan zafi bayan kin sauke, ki rufe minti 10. Wannan ruwan ne za ki sirka. Zoɓo da kurkum suna da kyau a ido amma suna rina farce da roba da tawul, ki rabu da su.

Ta uku, turarawa. Yadda ake turara randa ko zanin gado, haka ake turara gishiri. Ki murza wa gishirin cokali ɗaya na mai don hayaƙi ya samu abin kamawa, ki baza shi a rariyar ƙarfe ko faifai, ki sa garwashi kaɗan a kasko da turaren wutar da kike so, ki ɗora rariyar a sama da tazarar taƙi guda ko fiye, ki kife babban kwano ko ki lulluɓa tsohon zani ba tare da ya taɓa wuta ba. Bayan kamar minti 10 ki juya gishirin ki maimaita. Ƙamshin da ke fitowa ba mai hawa kai ba ne, a hankali yake tashi idan gishirin ya shiga ruwan ɗumi. A tsakar gida ake wannan, ba a ɗaki a rufe ba.

Humra fa? Matan Kusiri da Injamena sun gwanance a kanta, kuma kowa da sirrin haɗinta, wanda ke nufin ba ki san duk abin da ke cikin kwalbar ba: yawanci akwai turarukan kanti masu sinadarin alkol da miski da farce. Rabin ƙaramin cokali a ruwan jiƙa ƙafa babu laifi ga wadda fatarta ta saba da ita. A ruwan da za a zauna a ciki kuwa a'a. A ajiye ta sai an fito an shafa mai.

Kowane ƙamshi kika zaɓa, ki gwada shi tukuna. Ki shafa ɗan man da kika sirka a cikin dantse, ki bar shi kwana ɗaya. Idan wurin ya yi ja ko ya yi ƙaiƙayi, wannan ƙamshin ba naki ba ne, komai tsadarsa.

Haɗawa

Kofin da nake nufi shi ne mai cin mililita 250, wato kamar kofin roba na shan ruwa, ba ɗan gilashin shayi ba. Ki samu busasshen kwano na silba ko tangaran. Ki zuba gishirin teku kofi 2 da Epsom kofi 1, ki gauraya da cokali. Idan tsakuwar gishirin manya ce sosai, ki ɗan taɓa ta a turmi mai tsabta, wanda ba a daka barkono a ciki ba, don wannan kuskuren ba a yin sa sau biyu. A wani ɗan kofi daban ki haɗa man da ɗigon ƙamshin, ki juya sosai, sannan ki tsiyaya a kan gishirin kaɗan-kaɗan kina murzawa da bayan cokali har ya zama babu inda ya jiƙe ya bar wani. Gishirin zai ɗan yi sheƙi, amma idan kin tsiyaye shi daga cokali ya kamata ya zuba warwas. Idan ya dunƙule, mai ya yi yawa, ki ƙara gishiri.

Ki juye a kwalba mai murfin kirki, ki bar shi kwana 2 kafin ki fara amfani, ƙamshin ya ratsa. Bikarbonat ɗin kada ki haɗa shi a kwalbar. Idan ya samu danshi da ɗan tsami yana fitar da iska, kuma kwalbar gilashi a rufe ruf ba ta son haka. Ki ajiye shi daban, ki zuba a ruwa ranar da za ki yi. Wannan haɗin na kofi 3 zai yi miki jiƙon ƙafa sau 6.

Launi ba dole ba ne. Masu sayarwa suna ɗiga kalar kek don ya ja ido. In za ki yi kyauta ga amarya, ɗigo biyu ya isa, in kuma na kanki ne ki bar shi fari.

Daren da za a jiƙa

Ki zaɓi lokacin da kika san ba mai kiranki, kuma hakan ya fi samuwa bayan Isha'i, an ci tuwo an kwantar da yara. Kada ki yi da cikakken ciki; ki bar kamar awa ɗaya bayan cin abinci. Ki sha ruwa kofi ɗaya, ki ajiye wani a kusa. Ki tanadi tawul, da kujera 'yar tsuguno, da butar ruwan zafi don ƙari, da wani ruwan ɗumi zalla na ɗauraya, da man shafawa, da fitila idan wuta ba ta da tabbas. Duk wannan kafin ki sa ƙafa a ruwa, don tashi a jiƙe ana neman tawul a kan tayil shi ne hanyar faɗuwa.

Ki fara yin wanka da sabulu kamar kullum, ko aƙalla ki wanke ƙafa. Jiƙo ba wanka ba ne, kuma zama cikin ruwan da ya kwashe ƙurar wuni ba hutu ba ne.

Sai sirka ruwa. Abin da ake so digiri 37 zuwa 40, wato ɗan sama kaɗan da ɗumin jiki. Ba kowa ke da ma'aunin zafi ba, to ga lissafi: tafasasshen ruwa moɗa 1, ruwan sanyi moɗa 4. A tsakiyar hunturu, watan Disamba da Janairu, lokacin da ruwan randa ke cizon haƙori, ki yi 1 da 3. A watan Afrilu kuwa, lokacin da Garwa ke haura digiri 40 da rana, ruwan tanki da kansa ya riga ya yi ɗumi, moɗa ɗaya ta zafi za ta ishi tara, wani lokaci ma ba sai an ɗora tukunya ba. Kullum na sanyi ake fara zubawa sannan na zafi, don kada roba ta lanƙwashe, don kuma yaron da ya ɓullo ba zato kada ya tarar da tafasasshen ruwa a ƙasa. Ki gwada da gwiwar hannu, ba da yatsu ba. Yatsun mai girki sun saba da wuta, ƙarya za su yi miki. Idan gwiwar hannu ta zauna a ciki kika ƙirga goma ba ki ji kina son cirewa ba, ya yi.

Gishirin a ɗan ruwan zafi ake fara narkar da shi, a moɗa, a juya har tsakuwar ta ɓace, sannan a juye cikin baho. In kin zuba shi kai tsaye zai kwanta a ƙasa ki yi ta taka shi.

Jiƙon ƙafa shi ne wanda kowane gida zai iya, kuma a ganina shi ya fi biyan wahalarsa. Roba mai faɗin da tafin ƙafa biyu za su kwanta ba a takure ba, ruwa lita 6 zuwa 8 yadda zai rufe idon sawu, haɗin gishiri rabin kofi, bikarbonat babban cokali 1. In kina da bokiti mai zurfi da ruwa zai kai tsakiyar ƙwauri, ya fi, musamman ga mai wuni a tsaye a kasuwa ko a aji ko a gaban keken ɗinki. Ki zauna ki jingina bayanki da bango, ki lulluɓa zani daga gwiwa har ya rufe bakin robar don tururin ya tsaya. Minti 15 zuwa 20. A tsakiya ruwan zai huce. Ki cire ƙafafun gaba ɗaya, ki ƙara na buta, ki juya, ki sake gwadawa, sannan ki mayar. Ba a tsiyaya ruwan zafi ƙafa na ciki. Wasu suna zuba duwatsu masu sulɓi irin na bakin mayo, wato kogi, a ƙasan robar suna murza tafin ƙafa a kai, kuma yana da daɗi ƙwarai. Wayar kuma a bar ta a ɗaki.

Yayin da ƙafa ke ciki, ki tsoma ƙaramin tawul a ruwan ƙamshin, ki matse, ki ɗora a wuya da kafaɗu, in ya huce ki sake. Mai ɗaukar kaya a ka ko mai goyo ta san inda gajiya ke taruwa. Da wannan tawul ɗin kin samu fiye da rabin abin da mai bahon Turawa ke samu. Maigida ma, in ɗan acaba ne ko direba ko mai tsayuwa a shago, a haɗa masa nasa. Sai dai a sa kajiji ko sandal, kada ya fito yana ƙamshin wardi abokai su sa shi gaba.

Zama a cikin babban baho shi ne mataki na gaba: bahon roba ko na ƙarfe irin na wankin taro, wanda zai ci lita 40, ruwa zuwa cibiya, gishiri kofi 1. A nan sai an yi hattara da ƙamshi. Gaban mace fatarsa ba irin ta ƙafa ba ce, kuma turare da mai da kumfa suna iya ta da ƙaiƙayi da fitar ruwa. Shawarata, a zaman baho ki yi amfani da gishirin da ba a sa wa komai ba, ƙamshin ya zo daga turaren da kika turara banɗakin da shi kafin ki shiga. Mai basir ko mai ɗinki bayan haihuwa, ruwan ɗumi zalla ko abin da ma'aikaciyar asibiti ta ce kawai. Minti 15 ya isa.

Wadda ke da bahon Turawa kuwa, yana cin lita 120 zuwa 150, wato jarka shida ko bakwai. Kofi 2 na haɗin da rabin kofin bikarbonat. Ruwa ya tsaya a ƙirji, kada ya kai wuya, kuma kada ya wuce minti 20. Idan kika ji zuciya na bugawa da sauri, ko jiri, ko zufa na karyo miki a goshi, ki fito. Ki tashi a hankali: ki fara zama a bakin bahon, ki ƙirga ashirin, sannan ki miƙe, don ruwan ɗumi yana sa awon jini ya sauka kuma miƙewa farat ɗaya na iya sa ido ya yi duhu. Man da ke cikin haɗin yana sa ƙasan baho da tayil santsi, ki shimfiɗa tsohon tawul inda za ki taka.

Abu biyu game da dafa ruwan, don sun fi gishirin haɗari. Kada ki shigar da kaskon garwashi banɗaki ki rufe ƙofa don ɗumi, abin da ake yawan yi da hunturu. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum sai dai ya ji barci-barci da ciwon kai, daga nan ya sume. Hita ta lantarki irin ta tsomawa a bokiti kuma, a zare ta daga soket a fitar da ita kafin hannu ya taɓa ruwan.

Bayan an fito

Ki ɗauraye da ruwan ɗumi zalla. Gishirin da ya bushe a fata yana jan ruwanta, kuma da iskar hunturu kafin gari ya waye ƙafa ta yi furu-furu. Yanzu ne kaushi ya yi laushi, sai ki bi diddige da dutsen goge ƙafa a hankali, ta fuska ɗaya, ba kankara ba. Reza kada ta zo kusa. Ki tsane jiki da dannawa, ki bi tsakanin yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, don danshin da ya kwana a nan shi ke kawo cin ruwa. Tun fata na da ɗan laima ki shafa man kaɗanya ko basilin, ban da tsakanin yatsun, ki sa safar auduga, ki sha ruwan da kika ajiye. Sau 2 ko 3 a mako ya isa ga ƙafa. Zaman baho sau ɗaya.

Mai shirin ƙunshi ta yi jiƙonta kwana ɗaya kafin a sa lalle, don fatar da aka goge ta fi kama shi. In an riga an sa, jiƙo zai kashe masa launi da wuri. Ranar da aka yi halawa ko aka aske gashi ko aka yi dilka mai ƙarfi ma a ɗaga, gishiri a kan sabuwar fata raɗaɗi ne.

Ruwan da turare ko mai ya canja wa ƙamshi, a mazhabarmu ta Malikiyya ba a alwala ko wankan tsarki da shi, ko da yake shi kansa ba najasa ba ne. Don haka mai wankan ibada ta yi shi da ruwa zalla. Mai takaba kuma, tunda an hana ta turare, gishirin da ba a sa wa ƙamshi ba shi ne nata.

Waɗanda za su haƙura

Mai ciwon suga ita ce ta farko. Ciwon yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa sannu a hankali, har ruwa ya ƙona mutum bai sani ba, kuma jiƙo yana tausasa fata ta tsage, ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Gyambon da ke kai wasu ga yanke ƙafa daga ɗan abu irin wannan yake farawa. Ita wanke ƙafa da tsanewa da shafa mai ne nata, ba jiƙo ba, sai in likitanta ne ya ce.

Mai faso da ya buɗe har yana jini, ko ciwo, ko ƙuna, ta jira ya rufe. Mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaitu ba ta tsaya a ƙafa, da ruwa mai ɗumi kaɗan. Mai farfaɗiya ba ta shiga baho ita kaɗai. Mai ciki za ta iya jiƙa ƙafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi ba tare da tataccen man ƙamshi ba, amma ta guji zama cikin ruwan zafi, musamman a watanni ukun farko. Idan kuma ƙafa da fuska da hannu suka kumbura tare da ciwon kai, wannan maganar asibiti ce a ranar, ba ta baho ba. Ƙafa ɗaya da ta kumbura ita kaɗai, ƙwaurin na zafi da ciwo, ita ma ba a gasa ta ba a murza ta, a je a duba.

Mai jego kuwa iyayenmu mata za su ce ai dama ruwan zafi ne maganinta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da shan kunun kanwa mai yawa da kwanciya a gadon wuta. Ba sai an yi faɗa da Inna ko Gwaggo a kan wankan jego ba, amma a roƙe su a sirka ruwan, kuma kada a ƙara gishirin ƙamshi a cikinsa. Jariri da ƙananan yara ba a sa musu wannan haɗin ko kaɗan.

Kwalbar ma a ɗaga ta sama inda hannun yaro ba ya kai, a rubuta a jiki. Ta yi kama da gishirin miya ko sukari, kuma Epsom idan aka haɗiye shi gudawa yake sawa, ga mai ciwon ƙoda ma ya fi haka illa.

Ruwan da aka gama da shi kada a zuba wa shuka, gishiri na ƙona saiwa, ko darbejiyar ƙofar gida ce ba ta son a maimaita mata. Kada a watsa a gindin katangar ƙasa, yana cin ta. Kada a bar shi inda awaki za su sha. A kora shi a masai ko a wanke daɓen banɗaki da shi, a bi da ɗan omo saboda santsin man.

Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, gishiri na shan danshin iska ya zama dutse a kwalba. Ki riƙa haɗa rabin ma'auni a lokacin, ki ƙulle ɗanyar shinkafa cokali ɗaya a ƙyalle ki jefa a ciki, ki ajiye kwalbar a ɗaki ba a banɗaki ba, kuma busasshen cokali kawai ke shiga. Gishiri ba ya lalacewa amma man da ke jikinsa yana yi, musamman da zafin bazara. Wata 3 ya isa ga kowane haɗi. Idan kin buɗe kika ji warin tsohon mai ya danne ƙamshin, ki zubar ki wanke kwalbar, ki shanya ta a rana ta bushe sarai kafin ki sake haɗa wani.